Mu Ga Ƙafar

Cikin duk ranakun da na yi a bayan kantar kemis, akwai wadda har gobe ba ta fita raina: ranar da na dafa ƙirji na ce wa Alhaji Ɗan'azumi, "Ƙafar nan taka wuƙa ba za ta taɓa ta ba." In aka ƙirga abin da na ɗora a kan wannan magana, ba shi da yawa. Katan guda ne na wani bandeji da ba wanda ya san shi a Daura, sai sunan shagona, sai kuma ƙafar hagu ta mutum ɗaya, wadda ba tawa ba ce balle in yi alkawari da ita. Na farko da na biyu in sun tafi ana iya mayar da su. Ta ukun ce ko a Kano ba a sayarwa.

Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun same ni da shago, amma da faranti na fara, ina yawo da ƙwayar ciwon kai da man zafi a tashar Kongolam. Faranti ya zama rumfa, rumfa ta zama shago, na yanki lasisi. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, lasisin namu na sayar da magani ne kawai. Ba mu yin allura, ba mu wankin ciwo, ba mu rubuta wa mutum magani. Likita ya rubuta, mu mu nemo, ma'aikacin jinya ya yi nasa aikin. Duk wanda ya tsallake wannan iyaka, ranar da abu ya ɓaci shi kaɗai zai tsaya.

Alhaji Ɗan'azumi taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma dillalin shanu ne da ake ji da shi a kara. Shi yana kirana bawansa, ni ina kiransa nawa, iyayen da za su raba mana gardama kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. A shekarun farko na ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wani sa ya goge shi da ƙaho a saman idon sawu. Abu kamar wasa, ya ƙi warkewa, ya buɗe ya zama gyambo. Sai bayan ƙaramar Sallah na samu na tura shi asibiti, ni da kaina na ɗauke shi.

Likita ya duba, ya sa aka auna jini, ya ce babu ciwon suga. Ya ce jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne suka yi sanyi saboda tsayuwar shekara da shekaru. Ya rubuta sunan wani bandeji, ya ce su ba su da shi, in za mu iya samowa. Sannan ya ce, "In Babbar Sallah ta zo bai fara haɗewa ba, zan tura ku Kano a yanko fata daga cinya a lika. In kuwa aka bar shi ya ci har ƙashi, to maganar ta wuce ta fata."

Duk wannan bayani, abu ɗaya Alhaji ya ji, wato yanka. Mutumin da ke tare bijimi da hannu ɗaya, sai ga shi a mota yana share ido da bakin hula. A nan na yi wancan alkawari. Ya dube ni ya ce, "Bawa, in ka yi ƙarya, a kasuwar Mai'aduwa zan sayar da kai, kuma ko la'ada ba zan karɓa ba."

Na shiga kasuwar magani ta Kano da takardar likita. Shago bayan shago ana juya ta ana miƙo mini. Daga ƙarshe wani babban dila ya ce yana da shi, amma ba ya fasa katan. Na ɗauko katan ɗin gaba ɗaya.

Mai naɗawa kuma sai Malam Garba Diresa, tsohon ma'aikacin wankin ciwo da ya yi ritaya daga asibitin gwamnati. Da na buɗe masa katan, sai ya ɗauki kwali ɗaya yana dariya kamar ya ga abokin ƙuruciya.

"Kai! Takalmin Bajamushe! Rabona da shi tun muna makarantar koyon aiki."

Abin dai bandeji ne mai raga-raga, an jiƙe shi da wani farin kwaɓi mai sinadarin zinki. Ana wanke ciwon, a fara naɗawa daga gindin yatsu har zuwa ƙasan gwiwa, a rufe da busasshen bandeji. In ya sha iska sai ya ɗan ƙame, ya riƙe ƙafar kamar takalmi. Sunan likitan da ya ƙirƙiro shi na jikin kwalin, amma a Daura ba wanda ya taɓa kiransa da shi. Bajamushe muke cewa.

Malam Garba mutum ne da ba ya aiki baki a rufe. Yana naɗi a zauren Alhaji yana ba mu tarihin mai takalmin. Ya ce likitan fata ne, ya yi zamani fiye da shekara ɗari da suka wuce a wani garin tashar jiragen ruwa da ke arewacin Jamus. Ubansa ma likita ne. Yana cikin karatu yaƙi ya tashi, aka tafi da shi, aka ji masa mummunan rauni, ya dawo ya ƙarasa.

"To, ya san zafin ciwo ke nan," in ji Alhaji. "Ci gaba."

Ya ce da ya gama, sai ya buɗe asibitinsa na masu ciwon fata. Yakan yanki ɗan ɓallin fata, ya rina shi da launi kamar marini, ya sa a madubin ƙara girma, ya zauna yana duban yadda cuta ke shiga tsakanin fata da fata. Abin da ya gani ya rubuta a manyan littattafai. Kuma ya haɗa kai da wani mai kantin magani na garinsu, suna yin filasta mai ɗauke da magani a jikinta.

Na gyara zama na ce, "Ka ji ko? Da mai kemis ya yi aiki."

Alhaji ya ce, "Allah sarki. Ashe shi ma an jarrabe shi."

Da aka gama, Malam Garba ya ce sharaɗin takalmin biyu ne. Na farko, ba a kwance shi sai bayan mako guda, kuma shi zai zo ya kwance. Na biyu, mai shi ya riƙa tafiya, domin in sha-raɓa tana motsi a cikin ɗaurin, ita ke tura jinin sama. Alhaji ya ce duka ya ji. Da muka fito na bar shi a kan tabarma, da matashi biyu a bayansa, da kwanon fura a gefe, ya yi kwanciyar majinyaci sosai. Na tuna masa maganar tafiya, ya ce ai yana zuwa masallaci. Masallacin kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da zauren.

Mako ya zagayo muka dawo. Malam Garba ya durƙusa, ya dubi ƙafar, bai taɓa ta ba ya ce, "Wannan ba naɗina ba ne."

"Naka ne mana," in ji Alhaji.

"Ni ban taɓa ƙarasa bandeji da ƙullin igiyar shanu ba."

"Ya ɗan sassauta ne na gyara maka."

Aka buɗe, ciwo na nan yadda yake, sai dai wani ƙanshin zuma da man shanu da ke tashi. Aka wanke aka sake sabo. Mako na biyu abin ya fi muni. Bakin gyambon ya yi ja ya kumbura, ga wani baƙin gari a ciki. Malam Garba ya wanke, sai da muka fito waje ya ce mini, "Sani, ana kwance ɗaurin nan kullum. In haka za a yi, ka nemi wani. Ba da hannuna za a kai mutum Kano ba."

Mu biyu muka tsaya a gindin darbejiya muna tunani, kuma tunaninmu ya zo ɗaya: alwala ce. Ku da ba ku ga lokacin ba, shekaru ne da kowa ya tashi tsaye da neman sanin hukunci. Kaset ɗin wa'azi a kowane shago, gardamar farilla da sunna a kowace majalisa. Alhaji ya shiga kwamitin unguwa mai kula da mudu da tayar da mutane sallah, ya ɗage wando zuwa rabin ƙwauri, sahun farko ba ya wuce shi. Muka ce irin wannan mutum ba zai yarda a ga yana shafa a kan bandeji ba, lalle kwancewa yake yana wanke ƙafar sau biyar a rana. Na ce, "Wannan ba aikin kemis ba ne, aikin Liman ne."

Muka sami limamin unguwa, Malam Isa, bayan la'asar. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, alfarma muka zo nema. A yi wa Alhaji Ɗan'azumi bayanin shafa a kan ɗauri. Alwala za ta cinye masa ƙafa."

Malam ya yi murmushi. "Ɗan'azumi? Ai ranar da aka naɗa masa ya aiko ya tambaye ni, na ce ya shafa. Shafawa yake yi, a gabana ma ya yi. Har yana koya wa 'yan kwamitinsu, yana jawo musu nassi."

Muka dubi juna.

Malam ya ci gaba, "Amma ciwon kam sai addu'a. Jiya da na je dubiya na gan shi, ya yi ja ƙwarai."

Malam Garba ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ciwon ka gani, ko bandejin?"

"Ciwon mana. Na ce mu ga ƙafar, ya kwance ya nuna mini, na tofa masa addu'a. Ai mutumin kirki ne, ba ya ɓoye wa kowa."

Washegari na bar shago na je na zauna a kusurwar zauren Alhaji, na ce hira na zo. Ban daɗe ba aka yi sallama, wasu abokan cinikinsa biyu daga Baure. Aka gaisa, aka yi ya jiki, aka yi Allah ya sa kaffara ne. Sai babbansu ya matso ya ce, "Mu ga ƙafar." Alhaji ya saci kallona, ya ɗauke kai, ya kama bakin bandeji ya fara warwarewa, da ƙwarewar wanda ya saba. Suka leƙa, suka yi salati, suka girgiza kai. Ɗaya ya ciro ƙullin garin bagaruwa daga aljihu, ya ce da shi wansa ya warke. Alhaji ya ɗiba da ɗan yatsa ya barbaɗa a gabansa, ya yi godiya, ya mayar da naɗi.

Ba su kai bakin titi ba 'yan kwamiti suka iso, rukuni guda. Makon nan aka yi wa'azin haƙƙin musulmi a kan musulmi, aka ce duba mara lafiya na ciki, don haka suka mayar da shi aiki, kullum sai sun zo. Su ma, mu ga ƙafar. Kafin azahar na daina lissafi. Na ɗaga gefen tabarma na ga abin da masu dubiya suka tara: zuma a kwalba, man shanu a gwangwani, sassaƙen wani itace daga Nijar, baƙin garin cikin batir, da kwanson kafso da aka fasa aka zazzage a kan ciwon. Kafson da na juya na duba, kayan shagona ne.

Da zaure ya yi sauƙi na ce, "Yanzu kai da girmanka, abin da kake yi ke nan?"

Ya ce, "Bawa, zauna in gaya maka. Mutum ya bar gonarsa, ya hau babur tun daga Babban Mutum, ya zo ya durƙusa ya ce mu ga ƙafar. In ce masa me? Bajamushe ya hana? Wane ne Bajamushe a danginmu? Ya zo sunan ɗana Habibu? Da Inna ta rasu ka gan shi a wurin zaman makoki?"

"Ya daɗe da mutuwa."

"To, ka ji. Mamaci ne zai hana ni sauke haƙƙin masu rai?"

"Garin batir fa? Shi ma haƙƙi ne?"

"Kowa nakan ɗan taɓa nasa a gabansa, don kada ya ce na raina shi. Ai ba da yawa nake sawa ba." Ya gyara matashi ya ƙara da cewa, "Kai ma shekaranjiya da ka leƙo, me ka ce bayan sallama?"

Sai na tuna. Mu ga ƙafar na ce.

"Don dai kai bawana ne, shi ya sa bandejin kawai na nuna maka."

Na ce to, tunda shi ba zai iya hanawa ba, ni zan hana. Aka sake sabon naɗi, na kafa kujera a bakin zaure. Duk wanda ya ce mu ga ƙafar, sai in ce likita ya hana, a yi addu'a daga nan. Samari da abokan kasuwa suka haƙura, wasu na gunaguni. Kwana biyu ɗaurin bai motsa ba, har na fara jin kaina. A rana ta uku sai ga Baba Ilu, wan mahaifin Hajiya Binta matar Alhaji, tsoho mai sanda, ya taho da ƙullinsa a hannu. Alhaji ya zame daga kan matashi ya gaishe shi kai a ƙasa. Baba ya zauna, ya huta, ya ce, "Mu ga ƙafar."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, likita ya hana a buɗe."

Bai dube ni ba. Ya tambayi Alhaji, "Wane ne wannan?"

"Sani ne, Baba, mai kemis."

"Na gane shi. Yaron nan mai yawo da faranti a tasha. Yanzu shi ke ba da izinin ganin ƙafar mijin 'yata?" Ya dogara sanda ya miƙe, ya mayar da ƙullinsa aljihu, ya fita ko sallama babu.

Da yamma na dawo na tarar da tabarma ba kowa. Hajiya Binta ta yi mini magana daga bayan ƙofar cikin gida, ta ce, "Ya tafi gidan Baba ba da haƙuri."

"Wa ya kai shi?"

"Da ƙafarsa ya tafi. Ya ce in ya hau babur Baba zai ce taƙama ce."

Gidan Baba Ilu na can bayan rijiyar Kusugu, tafiya ce mai ɗan nisa. Alhaji ya taka har can, ya kwance ɗaurin a zauren surukinsa, ya nuna, aka barbaɗa masa abin da ke cikin ƙullin, ya naɗe ya tako ya dawo. Haushi ya kama ni, har na yi niyyar in ce wa Malam Garba mu bar shi da Kano. Sai Hajiya ta ƙara da cewa, "Don Allah Alhaji Sani, in akwai inda za ku kai shi ku kai shi. Tun da ya kwanta tukunyata ba ta sauka daga murhu ba. Kowa ya zo dubiya sai ya ci, kuma mai ciwon ya fi kowa ci."

Ina tafe gida ina juya maganar. Mutumin da ya ce masallaci kaɗai yake iya zuwa, ga shi ya keta gari da ƙafa. Ashe ƙafar na tafiya in dalili ya kama. Sai sharaɗi na biyu na Bajamushe ya faɗo mini, wanda duk muka ɗauka cikon zance ne. Mu mun tsaya muna gadin sharaɗi na farko, alhali na biyun ne zai tsare mana shi. A garin nan ba wanda ke zuwa duba mutumin da ke tsaye. Tabarma da matashi mutane ke bi. In ba a same shi kwance ba, ba mai cewa mu gani.

Saura abin da zai tayar da shi. Roƙo ba zai yi ba, tsoratarwa kuma an riga an gwada. Ni kuwa ba na yi wa abokin hulɗa ƙarya, ko da taubashi ne. Sai na jira.

Kwana kaɗan sai ga Ardo Buba ya zo dubiya da kwalbar zumarsa, Bafulatanin da tun zamanin ubansa Alhaji ke sayar musu da shanu. Kafin ya kai ga maganar ƙafa na riga shi. Na ce, "Ardo, Sallah ta matso. Bijiman layya fa, bana wa zai riƙe muku igiya?"

Ardo ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa. "To, Ɗanliti ya ce zai riƙe, kafin Alhaji ya samu sauƙi."

Ɗanliti tsohon yaron Alhaji ne da ya ɓalle ya zama dillalin kansa. Na ce, "Madalla. Ɗanliti ai ya iya baki. Na ji an ce duk wanda ya ba shi igiya sau ɗaya ba ya komawa wani wuri."

"Haka ake faɗa," in ji Ardo, shi da gaskiyarsa.

Alhaji ya tashi zaune. "Ɗanliti? Yaron da bai san bambancin sa mai shekara huɗu da mai shida ba sai ya tambayi mai shi? Har da jan bijimin nan mai farin goshi?"

"Har da shi."

"Bawa, kirawo mini Garba."

Ranar kasuwar Mai'aduwa da sassafe Malam Garba ya wanke ciwon, ya yi sabon naɗi, ya rufe. Saboda ƙazantar kara na kawo doguwar safa irin ta 'yan ƙwallo, koriya, aka ja ta har gwiwa, aka sassauta maɗaurin takalmi. Da yake wandon a ɗage yake, safar ta fito fili, kafin azahar 'yan kara sun sa masa suna Alhaji Gola. Bai kula ba. Ya karɓe igiyar jan bijimi daga hannun Ɗanliti, ya shiga zagaye, daga wannan turke zuwa wancan, yana dukan gindin sa yana rantse-rantsen da Shari'a ta bar masa.

Ina biye da shi a baya ina kallo. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "A'a, Alhaji, an samu sauƙi? Alhamdu lillahi. Nawa aka taya wannan?" Shi ke nan, an wuce maganar ciwo. Mutum ɗaya ne, wani mahaucin Zango, ya ce, "Alhaji, mu ga ƙafar mana."

Alhaji ya ce, "Sa ka zo saye ko ƙafa? In ƙafa ce, 'yan'uwanka na can baya suna babbaka."

Aka yi dariya, magana ta mutu. A zaure ba zai iya faɗin haka ba ko da za a yanka shi. A kara kuwa, dillali bai taɓa tona aibin kansa ana tsakiyar ciniki ba.

Kafin mu dawo Hajiya ta naɗe tabarmar zaure, ta kwashe matasai da kwalabe ta shige da su. Dillali kuma kun sani, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Malam Garba ya tsara masa: da rana ya yi ta zagaye, kada ya tsaya wuri ɗaya, da yamma ya shiga cikin gida ya ɗora ƙafar a kan matashi, inda baƙo ba ya shiga. Masu dubiya in sun zo a ce ya tafi kasuwa, sai su ce, "Ashe ya warke, Allah mun gode," su juya da ƙullinsu.

Mako ya cika, Malam Garba ya durƙusa ya dubi ɗaurin, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan nawa ne." Aka buɗe, kumburi ya saɓe, bakin ciwon ya fara jan sabuwar fata. Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Ana gab da Babbar Sallah muka koma wurin likita, ya auna faɗin gyambon, ya ce ya ragu ƙwarai, ba maganar Kano. Ya ce, "Duk abin da kuke yi ku ci gaba." Kafin ruwan farko ya sauka ciwo ya rufe, sai tabo.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku masu tsayawa bayan kanta, shi ne magani ba a kwali yake ƙarewa ba. Bajamushe ya yi nasa, ya zauna a kan madubi har ya gano abin da ƙafa ke so, kuma bai yi kuskure ba ko ɗaya. Amma bai san zauren Alhaji Ɗan'azumi ba. In kun miƙa wa mutum magani kun gaya masa sharaɗi, ku tambayi kanku gidan da zai koma, da wanda zai shigo masa, da wanda ba zai iya ce wa a'a ba. Mutanenmu ba taurin kai ke hana su bin ƙa'ida ba, sau da yawa kunya ce da ganin girman mutane. Ba a kayar da wannan da faɗa. Sai dai a zagaya.

In kuma lissafi kuke so, ga shi. Fiye da rabin katan ɗin ya bushe a kan kanta, don ba wanda ya sake nema, na kwashe na zubar. Baba Ilu har ya bar duniya bai ƙara sayen ko ƙwayar ciwon kai a shagona ba, sai ya aika can gaba a wuce ni. Yabo kuma ban samu ba, domin Alhaji duk inda ya zauna cewa yake zumar Ardo da ƙullin Baba ne suka yi aiki. Bajamushe ma abin da ya samu kaɗan ne. Na taɓa matsa wa Alhaji na ce ko sau ɗaya ya faɗi alherin mutumin, sai ya yi tunani ya ce, "Likita ne na gaske, ban hana shi ba. Amma duk wanda ya ƙirƙiro ɗaurin da ba a kwancewa, da ganinsa ba shi da dangi."

Bara katan ɗin ruwan magani ya suɓuce ya faɗo mini a babban yatsa, farce ya fita. Aka wanke a asibiti aka naɗe, aka ce kada in taɓa sai na dawo. Ina kwance a zaurena sai na ji sallama da muryar da na sani. Alhaji Gola ne, ya tsufa, gemu ya yi fari, ko sanda babu. Ya zauna ya yi ya jiki, ya ciro wani ƙulli daga aljihu ya ajiye a gabansa, ya ce, "Bawa, mu ga ƙafar."

Na dubi ƙafafun da ya shigo da su, na ƙirga, biyu ne cif. Sai na kama bakin bandejin na fara warwarewa.